Tsohon kafet a ɗakin Hajiya: gam ya ƙi fita, ƙasa kuma tana gumi

Maman Khalifa, Kabala: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sani su taimaka min. Ɗakin surukata ne, kafet ɗin ciki irin mai cika ɗaki ne, bango zuwa bango, an liƙe shi da gam, ya haura shekara goma a wurin. Tun da ruwan Agusta ya kankama ɗakin yake wani irin wari kamar wankin da aka manta a bokiti. Turaren wuta ba ya kashe shi, sai dai su haɗu su zama wani abu daban. Hajiya kuma tana da asma, da asuba sai ka ji ƙirjinta yana ƙugi. Na ɗaga gefe ɗaya ta bayan gado, na ga soson ƙasan ya zama gari, wani wurin baƙi ƙirin, simintin kuma da danshi. Yanzu ta tafi Zariya wajen ƙanwarta, maigidan ya ce a cire a sa tayil kafin ta dawo. Ta ina ake farawa? Gam ɗin nan kuma da me ake fitar da shi?

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Abu na farko, kada ki bari yara su shiga ɗakin ranar da za a ɗaga shi. Ƙurar da ke ƙarƙashin kafet ba irin ta tsakar gida ba ce.

Ɗan Kawo: Maman Khalifa abin ba wuya. A ja kafet ɗin da ƙarfi ya fita, a zuba fetur a kan gam ɗin, a bar shi ya jiƙa, a kankare. Lita biyu ta ishi ɗaki. Haka muka yi a shagonmu.

Mai Tayil, Tudun Wada: Ɗan Kawo, don girman Allah janye wannan maganar. Maman Khalifa kada ki yarda a shiga miki ɗaki da fetur, ko da kwalba ɗaya ce. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi. Yana iya silalewa ta ƙarƙashin ƙofa ya kai har inda ake girki. Ba ma sai an ƙyasta ashana ba. A kawo wuta firji ya tashi, ko wani ya kunna fanka soket ya yi tartsatsi, shi ke nan. Shagonku ƙofa ce wangame a bakin titi, Allah ya tsare ku. Ɗakin tsohuwa a cikin gida, da labule da katifa da kurfoti a kusa, wani lissafi ne daban.

Ɗan Kawo: Oga ai za a buɗe taga.

Mai Tayil, Tudun Wada: Taga tana sama, tururin yana ƙasa. Kuma ko ka tsira daga gobara, siminti yana shan mai. In ya sha, tayil ba ya kama shi da kyau, warin kuma sai ya yi makonni. Mai asma za ka kwantar a nan?

Bari in faɗi yadda muke yi, Maman Khalifa ki ba wa duk wanda zai yi aikin.

A fitar da komai daga ɗakin, har labule. A rufe ƙofar da ke shiga falo, a toshe ƙasanta da tsumma mai lema, a buɗe tagogi duka. Fanka a kashe. Mai aikin ya sa takunkumi mai kauri da safar hannu da takalmi rufaffe, domin a bakin ƙofa akwai ƙarfen alminiyon da aka danne kafet da shi, ƙusoshinsa sun yi tsatsa. Wannan ƙarfen shi ake fara ɓanɓarewa.

Kada a ce za a ja kafet ɗin gaba ɗaya a fitar. Nauyi gare shi, kuma duk jan da aka yi ƙura ce take tashi. A ɗan yayyafa masa ruwa, ba jiƙawa ba, don ƙurar ta kwanta. A kama kusurwa ɗaya da filaya a ɗaga, a ninke, a yanka ta baya da wuƙar reza, don ta baya ya fi yankuwa. A yanka shi tsiri-tsiri, faɗin kowane kamar mita ɗaya, a naɗe, a ɗaure da igiya, a fitar ta hanya mafi kusa da waje. Soson ƙasan da ya zama gari a kwashe shi da shebur a zuba a buhu, kada a bi shi da tsintsiya a bushe.

Gam kuma, ruwan zafi da garin sabulu. A zuba a wuri kaɗan, a rufe da tsohon buhu ko tsumma, a ba shi kamar rubu'in awa, a bi shi da makankari mai faɗin baki irin wanda masu fenti ke kankare bango da shi. Wanda ya ƙi, a sake. Ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so.

Maman Khalifa, Kabala: Allah ya saka da alheri Malam. To in akwai wanda ruwan zafin bai fitar ba fa? Na ga wani a gefen bango rawaya ne, ya yi tauri sosai.

Mai Tayil, Tudun Wada: Wannan gam ɗin masu takalmi ne, irin su Evo-Stik, ruwa ba ya narkar da shi. Sai kankara, ko kurfi da guduma a hankali. Amma in tayil za a sa, ba dole sai ƙasa ta yi fes ba, tunda dama za mu sassare simintin mu zuba sabon kwaɓi a kai. In leda za a shimfiɗa ne ake buƙatar ƙasa sumul, don duk ɗan tudu sai ya fito ta sama ya huda ta.

Injiniya, Malali: Malam mai tayil ya yi bayani mai kyau, amma ni abin da ya tsaya min a rai a maganar Maman Khalifa ba gam ba ne. Ta ce simintin da danshi. Wannan ita ce cutar, kafet ɗin alama ce kawai. Kafin a sayi kwalin tayil ko ɗaya a gano daga ina ruwan yake fitowa.

Kabala a gefen Kogin Kaduna take, kuma a irin waɗannan unguwanni na kwari ruwan ƙasa yana matsowa sama sosai a Agusta da Satumba. Gidaje da yawa an zuba daɓensu kai tsaye a kan cikon ƙasa, ba a shimfiɗa ledar da ke tare danshi a ƙarƙashi ba. Siminti kuwa yana da ƙananan ƙofofi, yana tsotso ruwa daga ƙasa a hankali. In ƙasa a buɗe take, danshin yana bin iska ya tafi, ba ka ma sani ba. Da ka rufe da soso da kafet, ka tsare shi, sai funfuna ta samu gida.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Bayan an cire komai an share, a bar ɗakin ya sha iska. Sai a samo leda mai kauri marar huji, kamar rabin mita kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin, a liƙe gefunanta huɗu da salatif kada iska ta shiga. A yi ɗaya a tsakiyar ɗaki, ɗaya a inda baƙin ya fi yawa. A bari ta kwana ta wuni. In an ɗaga aka ga raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, ruwan daga ƙasa yake. In wuri ɗaya ne kawai, kusa da bango, a zagaya a duba bayan bangon: ko banɗaki ne da bututu mai yoyo, ko indararo ne ke zuba a gindin gini, ko ƙasar waje ta fi ta ɗakin tudu.

Maman Khalifa, Kabala: Ikon Allah. Bayan bangon nan banɗakinta ne.

Injiniya, Malali: To a fara da mai famfo, ba mai tayil ba. A rufe duk famfunan gidan da dare, a duba ko ruwan tanki ya ragu da safe.

Ɗan Kawo: Amma Injiniya ai tayil ba ya jin ruwa. A sa kawai a huta.

Injiniya, Malali: Tayil ɗin ba ya ji, amma ruwan ba ya ɓacewa don an rufe shi. In ya rasa hanya ta ƙasa sai ya hau bango. Ka taɓa ganin ɗaki mai sabon tayil, fentin ƙasan bango yana kumbura yana zubar da farin gari? Shi ne wannan. Warin ma zai dawo, ta bayan kwaba da ƙarƙashin gado.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki: Ni dai ina karanta ku tun ɗazu, kowa tayil tayil. An tambayi mai ɗakin? 'Yata Maman Khalifa, kun gaya mata, ko so kuke ta dawo ta tarar? Mu tsofaffi a ƙasa muke rayuwa. A ƙasa muke salla, a ƙasa muke lazimi, a ƙasa muke cin abinci, jikoki su zagaye mu. Ku bari hunturu ya shigo, Disamba da Janairu, ku taka tayil da asuba ku ji. Mai ciwon gwiwa ba ta iya zama a kai. Ga santsi. Ta fito daga alwala ƙafa a jiƙe, in ta zame ƙugu ya karye, wa gari ya waya? Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce, da yawa daga nan ba sa sake miƙewa.

Kuma ku sani, kafet a ɗakin mace ba shimfiɗa ba ce kawai. A zamaninmu yana cikin kayan ɗakin da uba yake yi wa 'yarsa, ranar jere shi ake fara shimfiɗawa kafin gado ya shiga. Ko wannan ba na aurenta ba ne, ɗakinta ne. A nemi izininta.

Maman Khalifa, Kabala: Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ɗanta ya gaya mata za a cire saboda ƙirjinta, ta amince. Maganar tayil ce ba a yi da ita ba. Zan sa ya kira ta yau.

Nas, Barnawa: Mama Hajiya Babba, maganarki ta santsi gaskiya ce, muna ganin tsofaffin da aka kawo sun faɗi a banɗaki ko bakin ƙofarsa. Amma ina roƙo kada a mayar wa mai asma da kafet mai cika ɗaki. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna rayuwa a cikin kafet da katifa da matashi, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, danshi kuma shi ne abin da suke so. Kashinsu yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma. Ga funfuna a kai. Shara da tsintsiya ba ta fitar da su, tayar da su take yi sama a shaƙa.

Mafita a tsakiya take. A sa tayil marar sheƙi, mai ɗan kaushi, ba irin mai ƙyallin nan na falo ba. A sa mata darduma mai kauri a inda take salla da zama, wadda za a iya ɗauka a kakkaɓe, a wanke, a shanya a rana. A bakin banɗaki a sa abin taka ƙafa mai roba a ƙasa wanda ba ya zamewa. A duba gefen dardumar kada ya naɗe ya harɗe ta.

Sannan Maman Khalifa, wajen wanke baƙin nan, in za a sa Hypo ko Jik a sa shi da ruwa kawai. Kada a haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani abu mai asid, hayaƙin da ke fita guba ne, yana ƙona huhu. Katifar da labulen ma a fitar da su rana, sun sha warin. Kuma in ƙugin ƙirjin bai lafa ba ko tana can Zariya, a kai ta asibiti, kada a jira gyaran ɗaki.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki: To wannan na yarda. Darduma mai kauri, ba 'yar sallaya ba.

Ummu Hanan: Ni abin da ya raba ni da kafet ma tsarki ne. Mai yara ƙanana ta sani. Yaro ya yi fitsari, ka zuba ruwa, ruwan ya shige soso ya zauna, ba ka da yadda za ka ɗaga ka wanke tunda a liƙe yake. Kullum kana shakkar inda za ka shimfiɗa sallaya. Tayil ko leda kuwa ka wanke ka goge, hankalinka ya kwanta.

Baban Sadik, Rigasa: Ku da kuke gidan kanku ke nan. Mu 'yan haya fa? Kafet ɗin da na tarar a ɗakina na wanda ya tashi ne, ya ruɓe, mai gidan ya ce in na cire in mayar da sabo, in na sa tayil kuma ba zai rage min ko sisi a kuɗin haya ba.

Alhaji Mai Gidaje: Baban Sadik, ban san mai gidanka ba, amma ka ji ta ɓangarenmu. Ɗan haya ya liƙa kafet da gam a kan daɓe mai kyau, ranar tashi ya fizge abinsa, ya bar maka ƙasa duk tabo, wani wurin har simintin ya ɓanɓaro. Kai za ka gyara. Shi ya sa wasunmu suke tsaurarawa. Shawarata, kafin ka taɓa, kira shi ko wakilinsa ya gani da idonsa, ka ɗauki hoto, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai da shaida. In tayil ne, ku raba kuɗin ko a cire a haya, tunda ba za ka tafi da shi ba.

Baban Sadik, Rigasa: Alhaji da duk irinka ne da an huta. Nawa ko waya ba ya ɗauka sai wata ya ƙare.

Mai Tayil, Tudun Wada: To kada ka sa tayil a gidan wani. Cire ruɓaɓɓen, toshe ramukan da siminti, bari ya bushe sosai, ka shimfiɗa leda ba tare da gam ba, kujeru da gado za su danne ta. Ranar tashi ka naɗe abarka. Ka zagaya Kasuwar Sheikh Gumi ka taɓa da hannunka, akwai mai kauri akwai mai shara-shara, kada ka saya ta hoto.

Malam Na Unguwar Rimi: Tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Gidan da muke tsohon kwatas ne na gwamnati. Na ɗaga kafet ɗin falo sai na tarar da wasu ƙananan tayil na roba a ƙasa, masu murabba'i, wasu sun farfashe, gam ɗin ƙarƙashinsu baƙi kamar kwalta. Wani ya ce in kawo mai injin gurza ya share su.

Injiniya, Malali: Malam dakata, kada injin ya taɓa wurin. Auna ɗaya. In inci 9 ne kowane gefe, ga kuma baƙin gam, to irin tayil ɗin da aka yi yayi ne daga shekarun 1950 zuwa 1970, kuma da yawansu da gam ɗin nasu an haɗa su da asbestos, wani ma'adini mai ƙananan zaruruwa da ke cutar da huhu. Ido ba ya tabbatarwa, sai gwaji, don haka ka ɗauka akwai. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Gurzawa ko fasawa ne ke sakin zaren da ake shaƙa, ya maƙale a huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru ashirin ko fiye. Abin da ya fi shi ne a bar su a inda suke a rufe su, a zuba sabon daɓe a kai ko a shimfiɗa leda. Waɗanda suka riga suka farfashe a jiƙa su sosai, a ɗauke da hannu da safa, a ƙulle a leda biyu. Ba shara a bushe.

Malam Na Unguwar Rimi: Na auna. Tara ne cif. Na fasa kiran mai injin.

Ummu Hanan: To tsohon kafet ɗin ina ake kai shi? Namu 'yan gwangwan sun ƙi ɗauka, sun ce ba ƙarfe ba ne.

Ɗan Kawo: A cinna masa wuta a bayan gida, ko a ba wa makarantar allo su shimfiɗa.

Nas, Barnawa: Ƙonawa a'a. Yawancin kafet ɗin nan zaren roba ne, ga soso ga gam. Baƙin hayaƙin nan maƙwabta ne za su shaƙa, da jariransu.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki: Ɗana Ɗan Kawo, abin da aka cire don yana sa tsohuwa ciwon ƙirji shi za a kai wa almajirai su kwanta a kai? Su ba ƙirji gare su ba? A cikin Baƙara an hana mu nufin mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. In kafet mai kyau ne ka canza don ka gaji da launinsa, wanke shi ka bayar, Allah ya ba da lada. Ruɓaɓɓe kuwa bola.

Ɗan Kawo: Haka ne Hajiya.

Alhaji Mai Gidaje: Kuma bolar gaske, ba kwata ba. Naɗin kafet ɗaya ya isa ya toshe kwalbati, ruwan sama ya zo ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane. A ba masu kwasar shara 'yan kuɗi su kai inda ake zubarwa. Tunda an yanka shi ƙanana an ɗaure, ko a baro zai tafi.

Maman Khalifa, Kabala: Malam mai tayil, maigidan yana tambaya, ɗakin ƙafa 12 ne kowane gefe. Kwali nawa zai ci, kuma in an gyara yoyon yaushe za a iya sawa?

Mai Tayil, Tudun Wada: Sha biyu sau sha biyu ya kama murabba'in mita 13 da ɗan ɗori. In mai 60 da 60 ne, kwali guda huɗu ne a ciki, yana rufe mita 1.44. Lissafi ya ba da tara da wani abu, amma akwai yanka da fashewa da na gindin bango, don haka ku sayi 11, kuma duka lokaci ɗaya, ku duba lambar jikin kwalin ta zama iri ɗaya. In kun koma ƙari daga baya launin yakan ɗan bambanta. Abin da ya ragu ku ajiye saboda gaba.

Lokaci kuma ba ni zan faɗa ba, ledar Injiniya ce za ta faɗa. A gyara bututun, a bar ɗakin a buɗe, a sake gwajin. In ta fito a bushe a kira ni ko waninsa. In har yanzu tana raɓa, sai an fasa daɓen an shimfiɗa leda mai kauri an sake zubawa, wannan kuma gara a jira ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba. Hajiya ta zauna a wani ɗakin kafin nan.

Ku tuna da ƙofa. Kwaɓi da tayil za su ɗaga ƙasa da kusan inci biyu. In ta katako ce kafinta zai rage ta ƙasa, in ta ƙarfe ce sai mai walda ya zo, don haka a auna tun kafin a fara. A kuma duba ƙasan banɗakin, dole ta fi ta ɗakin zurfi, in ba haka ba ruwan wanka ɗakin zai riƙa gangarowa.